An sa wa makewayin wurin aiki kwaɗo: doka ta yarda?

Ɗan Zango:
Salamu alaikum. Wani wurin aiki ne nan Damagaram, ma'aikata 14, maza da mata, makewayi ɗaya. Mai wurin ya sa kwaɗo, makulli na aljihunsa, ya ce ba mai zagayawa sai azahar, wai ruwa ya yi tsada. Wanda ya fita ba izini a yanke masa kuɗi. Ina za a kai kuka?

Malam na Birni:
Wa alaikumus salam. Ba shi da wannan hurumin. Dokar aiki ta Nijar, mai lamba 2012-45 ta 25 ga Satumba 2012, ta ɗora masa nauyin kare lafiyar ma'aikata da tsabtar wurin aiki, ta kuma hana shi cin su tara. Tunda sun haura goma, ya kamata a ce suna da zaɓaɓɓen wakili, shi zai fara tunkarar mai wurin. In bai ji ba, a rubuta takarda kwafi biyu: ranakun da aka kulle, daga ƙarfe nawa zuwa nawa, da nawa aka yanke, a haɗa da takardar albashi, a kai ofishin sufeton ƙwadago na jiha. Sufeto na iya shiga wurin ba tare da sanarwa ba, ya ba shi wa'adin gyara.

Inda ake faɗuwa: kai ƙara da fatar baki, ko barin aiki cikin fushi. Nan take za a rubuta cewa mutum ya gudu daga bakin aiki, hujja ta koma hannun mai wurin.

Inna ta Garin Malam:
Ɗana, abin da ya fi damuna lafiya ce. Mafitsarar babba ba ta ɗaukar fiye da kusan rabin lita, mai lafiya kuwa yakan yi fitsari sau 6 zuwa 8 a rana. Wanda ya san ƙofa a kulle take, sai ya daina shan ruwa. A zafin Afrilu da Mayu, da ake haura digiri 40, gumi na zuba, fitsari ya yi kauri ya koma ja, daga nan sai ciwon mara da tsakuwar ƙoda. Mata sun fi saurin kamuwa don hanyar fitsarinsu gajeriya ce. Mai juna biyu da mai ciwon suga ba su iya jiran azahar ko kusa. Su karɓo takardar likita a sa cikin ƙarar.

Alhaji na Sabon Gari:
Wahalar ruwa a garin nan ba ƙarya ba ce, amma a yi lissafi. Mutum 14, zagaye uku, buta mai lita biyu: lita 84. Bido huɗu masu lita 25 daga ɗan garuwa sun isa, har da na wanke hannu. A rataye makulli a ƙusa bakin ƙofa, a riƙa fita ɗaya bayan ɗaya don kada aiki ya tsaya, a ajiye sabulu. Ku je masa da wannan lissafin a rubuce kafin ku je wurin sufeto.