Abin da aka ce a majalisa kan zuwa Komoros

Jiya da daddare a majalisarmu ta Ƙofar Doka a Zariya hira ta koma kan tsibiran Komoros, don wani ƙaninmu zai je Moroni, babban birnin ƙasar. Waɗanda suka taɓa zuwa sun ce ya bi ta Adis Ababa, ya riƙe Yuro a aljihu, saboda na'urar cire kuɗi ba ta da yawa. Daga Nuwamba zuwa Afrilu damina ce a can, lokacin guguwa.

Inda aka fi daɗewa shi ne maganar teku: kada ya kuskura ya shiga ƙaramin kwalekwale zuwa tsibirin Anjuwan ko na Mwali, komai arharsa. Mu da madatsar Kubanni ce tekunmu!

Katin rigakafin shawara da maganin zazzaɓin sauro su zauna a jakar hannu. Faransanci da Larabci sun fi Turanci amfani a can.