Tsohuwar bindigar farautata zan ba wa yaron wajena, ta ina ake fara gyara?

Mai Gonar Fadama:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Dan Allah masu sanin harkar bindigar farauta shawara nake nema. Ina da wata mai baki biyu, bakunan gefe da gefe, ƙirar Baikal ce ta Rasha, a jikinta an rubuta Made in USSR da lamba 12 wato girman bakinta, ni ma ba sabuwa na saye ta ba, a hannun wani ma'aikacin gandun daji na saya lokacin da zai yi ritaya, kuma takardunta da sunana suke. To yanzu ido ya fara ja baya gwiwa ma haka, rabona da shiga fadama harbin agwagwa har na manta, tana nan dai a rataye bayan ƙyaure cikin wani tsohon buhu. Babban yaron wajena shi ne mai bina daji tun yana firamare shi ke riƙe min jaka, yanzu ya yi aure har da 'ya'ya yana aiki a Bauchi, kuma in ya zo gida Haɗeja ba shi da hira sai ta farauta. Shi ne na ce bari in gyara ta tsaf in ba shi kyauta in ya zo bayan girbi.

Abin da na gani a jikinta, akwai ɗigo-ɗigon tsatsa a saman bututun, katakon gindin ya ɗan tsage daidai wurin da hannu ke kamawa, sannan in na rufe ta na girgiza ina jin kamar tana ɗan motsi kaɗan. Wani kafinta maƙwabcina ya ce in kawo ya goge ƙarfen da sanfefa ya fesa baƙin fenti, katakon kuma ya sa masa banish zata koma sabuwa fil. Ina kuma sha'awar a rubuta sunan yaron a jikinta. Me kuka gani?

Jikan Sarkin Baka:
Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara lafiya. Dan girman Allah kar ka bar kafintan nan ya taɓa ta, ba wai baya iya aikinsa ba ne, ƙofa da gado dai ya sani. Baƙin da kake gani a jikin bututun ba fenti ba ne, rini ne da aka yi wa ƙarfen kansa a masana'anta, sanfefa na hawa zai tafi kuma ya tafi kenan, fentin ma in bututu ya ɗau zafi ɓarewa zai riƙa yi. Irin tsatsar da ka faɗa mai sauƙi ce, ka samu soson ƙarfe mafi laushi wanda ake rubuta 0000 a ledarsa, ka ɗiga man keken ɗinki ka bar shi ya kwana, da safe ka riƙa shafawa a hankali ba da ƙarfi ba kana gogewa da farin tsumma, zaka ga jan yana fita a tsumman baƙin kuma yana nan.

Amma ni ba wajen ne ya dame ni ba, cikin ne. Ka karya ta wato ka buɗe ta ka tabbatar ba harsashi, ka cire katakon gaba ka zare bututun, ka ɗaga su saitin hasken rana ka leƙa ta baya sannan ta gaba. Bindigar da ta daɗe a rataye a ɗaki abu na farko da nake nema gidan zanzaro ne, wallahi yana shiga ya yi gininsa na laka can ciki ta waje ba abin da zaka gani, in aka harba a haka bututun kumbura zai yi ko ya fashe a hannun mutum. Bayan ka wanke cikin da sanda da tsumma da mai sai ka sake leƙawa, ya kamata ka ga yana sheƙi da zobe-zoben haske a jere daidai, in ka ga zoben ya karkace a wani wuri to akwai lotsawa ko kumburi a nan, ka bi da yatsa ta waje zaka ji shi. Ramukan tsatsa masu zurfi a ciki ma ba abin wasa ba ne. Sa'arka ɗaya yawancin Baikal na masana'antar garin Izhevsk a Rasha an yi wa cikinsu shafen kurom mai hana tsatsa, suna jure wahala sosai, kuma tunda USSR aka rubuta, wato Tarayyar Soviet da ta rushe, ai kafin ƙarshen 1991 aka ƙera ta, ta ga jiya.

Sai ka rataye bututun da zare ka ɗan ƙwanƙwasa da katako, in lafiya lau ne zai yi amo kamar ƙararrawa, in ya yi wani ɗif ko kar-kar to haɗin da ke tsakanin bakunan biyu ya saki. Wannan haɗin narkakken ƙarfe ne aka liƙe shi da shi, shi ya sa duk wanda ya ce maka a kai wa mai walda ko a sa a wuta ka gudu.

Motsin nan da ka ce tana yi kuwa shi ne babbar maganar. Ka haɗa ta ba tare da katakon gaba ba, ka kama gindin ka girgiza, sannan ka duba ko haske na wucewa tsakanin ƙarshen bututun da fuskar ƙarfen da yake rufuwa a kai. In yana wucewa to ta saki, kuma kullum aka harba ƙaruwa yake yi. Na sha ganin masu cusa guntun gwangwani a wurin ko su bubbuga da guduma ta yi tauri na kwana biyu, wannan yaudarar kai ce, aikin mai gyaran bindiga ne na gaske. Ka gwada sefti ma wato maɓallin da ke hana ta tashi, babu harsashi a ciki, ka sa shi ka ja kunama biyun ka ji ko zasu faɗi.

Tsagewar katako kuma kar a buga ƙusa, kar a ɗaure da roba ko waya irin yadda mutanenmu ke yi. A cire katakon, a fitar da tsohon man da ya sha, a buɗe tsagar kaɗan a ɗura gam ɗin Araldite mai jinkirin bushewa a matse. In ya kama sai man linsid ɗan kaɗan a tafin hannu ana murzawa ana bari ya bushe, a maimaita. Banish sheƙi ne kawai da santsi in hannu ya yi gumi. Ni da nine ma ba zan goge tabon da ke jikin katakon ba, yaron ai ya san inda kowanne ya samo asali.

Tsohon Sufeto:
Alhaji duk abin da Jikan Sarkin Baka ya faɗa daidai ne amma ni ta wani gefen zan zo, don na yi aikin ɗamara na ga yadda irin wannan kyautar ke komawa kes. Lasisin bindiga na mutum ɗaya ne da bindiga ɗaya, ba a gadonsa ba a aronsa. Dokar makamai ta 1959 da har yanzu ake aiki da ita ta kasa bindigogi uku. Akwai waɗanda aka haramta sai da izinin shugaban ƙasa, akwai irin taka mai ɗaukar harsashi wadda lasisinta na Sufeto Janar ne, sai kuma irin su adaka da ake ɗura wa albarushi ta baki, su kwamishinan 'yan sandan jiha ke ba da izini. Kuma dokar ta hana ka miƙa bindiga ga wanda ba shi da lasisin riƙe ta ko da ɗan cikinka ne. Ranar da ka ɗora masa ita a hannu ya sa a but ɗin mota ya kama hanyar Bauchi, shingen farko da aka buɗe but ɗin nan shi mai laifi ne kai ma mai laifi ne, takardarka ba zata cece shi ba tunda ba sunansa ne a jiki ba.

Shekaru ba matsala tunda dokar daga 17 ta fara, abin da ake dubawa lafiyar hankali, lafiyar ido, ba mashayi ba, ba a taɓa ɗaure shi kan laifin tashin hankali ba cikin shekara biyar da suka wuce. Inda gizo ke saƙar shi ne a 2023 Sufeto Janar na lokacin Kayode Egbetokun ya fito ya ce an dakatar da ba da sabon lasisi saboda yawan makamai a hannun jama'a. Don haka kafin ka kashe ko kwabo a gyara ka ɗauki takardunka ka je hedikwata a Dutse sashen da ke kula da makamai, ka tambayi matsayin da ake ciki yanzu kan canjin suna, ka kuma duba ko naka lasisin ma bai wuce lokacin sabuntawa ba.

Gyaran ma ba kowane maƙeri doka ta yarda ya yi ba, sai mai izini, a can zasu nuna maka. Batun rubuta suna kuwa, a rubuta a katako ko a ɗan farantin tagulla a manna a gindin, kar a kusanci lambar da ke jikin ƙarfen, ko gogewa ta yi da kanta matsala ce balle a ga alamar an kankare. Kar kuma wani ya ce a rage tsawon bakin don ta yi sauƙin ɗauka, akwai iyakar da in an wuce laifi ne.

Maman Ikram:
Baba ni tambayata daya, surukar taka ta san da zuwan wannan bakuwar gidanta? Ka ce akwai yara, kuma gidan haya a gari ba irin gidan gona bane. Indai zaa bashi a hada masa da akwatin karfe mai kwado, harsashi kuma a wani wuri daban da nasa makullin. Bayan kyaure cikin buhu kam a'a wlh, yaran yanzu ba inda hannunsu baya kaiwa.

Almajirin Zaure:
Malam Allah ya saka da alheri, niyya ce mai kyau. Sai dai tunda ka ce babban yaro, akwai ƙanne kenan. Ka tuna hadisin Nu'umanu ɗan Bashir da mahaifinsa ya yi masa kyauta ya je neman Annabi SAW ya shaida, aka tambaye shi ko duk 'ya'yansa ya yi wa haka, da ya ce a'a Annabi bai shaida ba ya yi umarni da adalci tsakanin 'ya'ya. Bindiga ɗaya ce ba zata rabu ba, to ka tara su ka faɗa musu, ka samu abin da ya yi kusa da ƙimarta ka ba sauran har da matan, ko su yafe da bakinsu.

Sannan maganar Sufeto ta taɓo wani abu. A mazhabar Malikiyya kyauta bata kammala sai wanda aka ba ya karɓa ta shiga hannunsa, in mai kyautar ya rasu abin na wurinsa to ya koma cikin gado. Kenan in takarda ta hana shi ɗauka ta ci gaba da zama a ɗakinka, faɗar baki cewa na ba shi ba zata wadatar ba, wasiyya kuma ba a yi wa magaji sai in sauran magada sun amince. Ka zauna da malamin unguwarku a rubuta yadda ya dace da shaidu, Allah ya ba da tsawon rai.

Ɗan Bunkure:
Ni fa ku yi haƙuri, wai wane dajin za a shiga yanzu? Yankari dama ba a harbi a ciki, Falgore da Lame-Burra kowa ya san halin da ake ciki, in ma ɓarayin daji basu gan ka ba 'yan sintiri su gan ka da bindiga kafin ka buɗe baki ka yi bayani an gama. Mu a ƙaramar hukumarmu har yau ba mu warke daga abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo ba a watan Maris na 2025, mafarauta 16 suna hanyar dawowa gida yin sallah aka tare motarsu aka ga bindigogin farauta aka kashe su. Ban ce kar a ba shi ba, amma yawo da ita daga wannan jiha zuwa waccan ni dai ban goyi baya ba. Ta zauna a Haɗeja, fadamar ma ai a nan take, tsuntsayen ruwa irin su kirinjijiya da dinya ba Bauchi zasu bi shi ba.

Mai Gonar Fadama:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Na leƙa cikin kamar yadda aka ce, na dama fes yake, na hagu akwai wani duhu kusa da baki ban gane ko datti ne ko rami ba. Haske kuma yana ɗan wucewa a wurin rufin. Yallaɓai Sufeto zan shiga Dutse ranar Litinin in Allah ya kai mu. Hajiya kin yi gaskiya, uwarsa ma haka ta ce. Wata tambayar, ina da ragowar harsashi a kwali tun na da, kwanson wasu na takarda ne, a haɗa masa da su ko kuwa?

Jikan Sarkin Baka:
A'a Baba kar ka haɗa. Kwanson takarda yana shan danshin damina ya kumbura, wani ya ƙi tashi, mafi muni wanda zai tashi da rauni ya bar toshiyar da ke cikin kwanson a tsakiyar bututu mutum bai lura ba ya sake ɗurawa ya harba. Duk wanda ka ga gindinsa ya yi tsatsa ko kore ka ware, ka tafi da maganarsu can Dutse su faɗa maka yadda ake miƙa su, kar a jefa a wuta ko a bola yara su tsinta.

In an zo sayen sabo a duba jikin bututun ta ƙasa inda katakon gaba ke rufewa, zaka ga an buga 70, tsawon ɗakin harsashin kenan a milimita. Akwai harsashi mai 76 da ake ce wa magnum, zai shiga ya rufu lafiya lau don kafin a harba a naɗe bakinsa yake, amma ba nata ba ne, ƙarfinsa ya fi abin da aka yi ta dominsa balle ga ta ta riga ta saki. Kuma kar a taɓa haɗa harsashin lamba 20 da na 12 a aljihu ɗaya, ƙaramin zurmawa yake ciki ya maƙale a gaba. Duhun nan na hagu ka sake bi da burushi da mai, in bai fita ba ka nuna wa mai gyaran shi tun farko, don in rami ne mai zurfi kusa da baki shi zai faɗa maka ko ta cancanci a kashe mata kuɗin matse rufin ko a'a.