Horon sana'a babu jari: in je ko in zauna kan dakwata?

Maman marayu, Gadarif

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Daga Madani muka gudo saboda yaƙin Sudan a Disambar 2023, ni da yarana, mahaifinsu ya rasu tun kafin yaƙi. Yanzu dakwa nake yi: in soya gyaɗa, in kai niƙa, in ƙulla a leda, da ita muke ci. Wata ƙungiya ta shigo unguwarmu tana rubuta sunayen mata, wai za a koya mana lissafin sana'a. Na tambaya ko akwai jari, aka ce sai dai karatu. To ni ranar da ban fita ba, tukunya ba ta hawa murhu. Wadda ta taɓa shiga ta ba ni shawara don Allah.

Mai shayi, Kasala

Wa alaikumus salam. Ki je, ƙanwata. Abu ɗaya na ɗauko a irin wannan zama, shi ke riƙe da ni har yau: jari da kaya ake ƙirga shi, ba da takardun kuɗi ba. In da malwa goma na gyaɗa kika fara (malwa ma'aunin da muke awo da shi ne), to jarinki malwa goma ne. Kin yi ciniki, fara sayen goman nan a farashin yau, ki cire niƙa da gawayi da leda da kuɗin raksha, keken nan mai ƙafa uku. Abin da ya saura shi ne na cefane. Yadda kuɗin ƙasar nan ke zubewa, sai mace ta ga jaka ta cika tana murna, ashe uwar kuɗin take ci. Mai cewa zai turo ta Bankak kuma, manhajar tura kuɗi ta waya, kada ki sake masa kaya sai kuɗin sun shiga.

Ɗan Mai Wurno

Hajiya, ki fara tambaya me za su koyar. Matata an koya musu haɗa sabulu, unguwa guda kowa sabulu, wa zai saya wa wa? In lissafi ne da neman kasuwa, madalla. Ki kuma zaga wajen masu agashe, gasasshen naman nan irin tsire, kullum suna neman garin ƙuli. Ki matse mai ki sayar daban, ƙulin ki daka musu.

Inna, Bur Sudan

'Yata, ko don matan da za ki haɗu da su ki je. Awadiya Mahmud Koko a da shayi take sayarwa a Khartum, ta haɗa kan masu shayi da abinci suka yi ƙungiya, har Amurka ta karrama ta a 2016. Ku ma ku kafa sanduƙ, adashin mako-mako, amma kwasa ta farko a sayi buhun gyaɗa a raba, kada a ajiye kuɗi. Bashin banki ki bar shi tukuna, sai kin san ribarki ta gaskiya.

Maman marayu, Gadarif

Allah ya saka da alheri. Na ba da sunana, babbar 'yata za ta tsare min tire da safe. Yaya mai shayi, lissafin nan kullum kike yi ko sai ƙarshen mako?