Shawarwarin da na tsinta kan bibiyar masu ziyartar shafi

A tattaunawarmu da masu gina shafukan intanet, bakinsu ya zo ɗaya: dannawa kaɗai ba ta nuna sha'awa. Mutum kan buɗe labari ya fice nan take. A lura da daɗewarsa, inda ya tsaya da karatu, da ko ya dawo. Wanda ya karanta rubutu uku kan gyaran waya, a miƙa masa na huɗu. Sabon baƙo kuwa, a nuna masa makamancin abin da yake karantawa.

Ni batun izini ya fi damuna. A nemi yardar mutum kafin a ajiye masa kukis (ƙananan fayilolin da shafi ke ajiyewa a na'urar mai ziyara don ya gane shi), musamman maziyarta daga Tarayyar Turai, inda dokar kare bayanan mutane ta GDPR ke aiki tun 2018. Wasu sun yaba Matomo, wata manhajar bibiyar maziyarta, domin mai shafi zai iya riƙe bayanan a sabarsa, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafinsa.