Kyamarar GoPro tana mutuwa da harbin farko a kan bindiga .308

Assalamu alaikum masana harbi. Ina neman shawara kan GoPro da aka ɗaura a layin Picatinny (layin ƙarfe da ake ɗaura kayan haɗi a kai) na bindiga mai harsashin .308, don ɗaukar harbin allo a filin atisaye.

Da harsashi ya fita sai kyamarar ta mutu, bidiyon ya lalace. Zargina bugun da bindigar ke yi baya ne ke girgiza batir ya yanke wuta. An cusa soso bayan murfin batir, an sauya maɗaurin roba da na alminiyam, an ɗiga Loctite shuɗi (gam mai hana kwancewa) a kan kusoshi. Kwancewa ta daina, mutuwar tana nan.

Maƙala ta a bututun bindigar ba mafita ba ce, nauyinta yana kautar da saiti. Katin microSD ne ke motsi, ko a cire batir a ba ta wuta ta USB-C?