Neman kalmar Hausa: "chip" da "crack" a gilashin gaban mota

Mai Fassara:
Assalamu alaikum. Malamai da 'yan'uwa, ina neman agajinku kafin ranar Alhamis. An ba ni wata takarda ta wayar da kan direbobi in mayar da ita Hausa, za a karanta a rediyo cikin minti goma. Maganarta duk a kan gilashin gaban mota ce: yadda mutum zai gane irin lahanin da ya same shi, wanne ke gyaruwa, wanne ne sai an canja gilashin gaba ɗaya. Takardar ta raba "chip" da "crack", kuma a kan wannan rabewar duk shawarar ta tsaya. Ni kuwa "fashewa" na rubuta wa duka biyun. Da na karanta a bayyane sai na ji ina cewa in fashewa ce a gyara, in kuma fashewa ce a canja. Akwai kuma "pitting" da "resin". Waɗannan huɗun suka gagare ni.

Ɗalibar Hausa:
Wa alaikumus salam, Anti. Ta biyun dai tsagewa ce, ba gardama. Ta farkon kuma ɓantarewa. Kofi ya ɓantare, haƙori ya ɓantare. Fashewa a bar wa abin da ya tarwatse.

Mai Gilashi:
Hajiya, wannan aikin shi nake ci da shi, bari in sa baki. Ƙanwata ta yi daidai da ta ce a ajiye fashewa. Gilashin gefe shi ke fashewa, ya zube ƙanana ƙanana kamar tsakuwa, don haka aka gasa shi tun daga masana'anta. Na gaba kuwa falle biyu ne, da wata siririyar roba a tsakani da ake kira PVB, kaurinta bai kai milimita ɗaya ba. Ita ke riƙe shi ko ya tsattsage. Kusan kullum fallen waje kaɗai dutse ke yi wa illa, shi ya sa gyara ke yiwuwa.

Amma ɓantarewa rabin zancen ta ɗauka. In kika duba wurin da tsakuwa ta buga, abin da ya fita daga gilashin sau da yawa bai wuce kan allura ba. Ɓarnar a ciki take. Wani ya yi zobe baƙi kamar ƙwayar ido, wani ya fid da ƙafafu kamar sawun kaza, wani ya haɗa duka biyun. Baƙin nan da ake gani iska ce ta shiga tsakanin gilashin da ya rabu. In kika ce wa direba "ya ɓantare", zai shafa da yatsa, ya ji sumul, ya ce ai ba abin da ya fita, ya ci gaba da tafiyarsa. Bayan sati biyu ya faɗa rami, ko ya kunna esi a kan gilashi mai zafi, layi ya miƙe har gefe.

Ɗalibar Hausa:
To Yaya, ku me kuke cewa a wurin aiki?

Mai Gilashi:
Cewa muke dutse ya harbe shi. In za a rubuta, ni "harbin tsakuwa" zan ce.

Tsohon Malami:
Kafin a je ga harbi, ni akwai abin da ya fi damuna. Tun daga kan tambayar nake ganin gilashi, gilashi, babu wanda ya tsaya ya ce wannan kalmar ta wane ce. Za a shiga rediyo, dubban mutane na saurare, a sake dasa musu kalmar aro alhali muna da tamu. Na daɗe ina ba da shawarar "garkuwar iska". Garkuwa tamu ce, iska tamu ce, kuma aikin abin ke nan, yana kare fuskar direba daga iska. In an ga ta yi tsawo, a ce madubin gaba. 'Yata, ki fara gyara wannan tukuna.

Ɗan Jarida:
Ranka ya daɗe, da girmamawa, garkuwar iska ai ita ce ta fi zama aro. Kalmar Amurkawa ce, "windshield", aka raba gida biyu, aka fassara kowane rabi, aka sake haɗawa. Bahaushe bai taɓa duban gilashin motarsa ya tuna da garkuwa ba. Madubi kuwa yana da aikinsa a mota, na gefe biyu da na tsakiya. In aka ce madubin gaba ya tsage, rabin masu saurare na tsakiyar nan za su duba.

Direban Babbar Mota:
Mu dai winskirin muke cewa, ko gilashin gaba. Na biyun kowa ya sani, har matata da ba ta tuƙi.

Tsohon Malami:
Winskirin! To ga irin abin da nake tsoro. In aka bar harshe a hannun gareji, nan da shekara hamsin jikokinmu fiʼili kawai za su gada, sunayen duk na wasu. Larabawa sun kafa majalisun harshe suna ƙirƙirar kalmomi, Faransawa suna da tasu tun 1635. Mu kuwa duk wanda ya yi ƙoƙari sai a ce ya fassara Turanci. Jirgin sama ba ƙirƙira ba ce? Na'ura mai ƙwaƙwalwa fa?

Ɗan Jarida:
Jirgin sama ta zauna don baki ya karɓe ta, Malam. Na'ura mai ƙwaƙwalwa kuwa tana nan a rubuce, amma kwamfuta mutane ke faɗa. Kuma irin wannan gilashin ba gadonmu ba ne. Wani Bafaranshe ne, Edouard Benedictus, ya yi masa rajista a 1909. Abu ya zo da sunansa, mun lanƙwasa sunan ya bi bakinmu, har muna cewa gilasai. Kalmar da ta yi jam'i irin namu ta zama 'yar gida.

Direban Babbar Mota:
Baba, ban ji daɗin maganar gareji ba. Sitiyari, birki, giya, kuloci, duk a garejin aka sassaƙa su, kuma da su kake tuƙa motarka. Ba mu yi digiri ba, amma ba mu ɓata Hausa ba.

Tsohon Malami:
Ban raina sana'ar kowa ba, ɗana. In maganata ta yi kaifi, ka yi haƙuri. Amma ina nan a kan bakana: abin da muke da kalmarsa, kada mu ara.

Mai Fassara:
Don Allah a taimaka mini, kwana biyu suka rage. Baba, gilashin gaba zan bari, don mai saurare ba ya iya tsayar da rediyo ya tambayi ma'ana. Mu koma kan "pitting". Takardar ta ce ƙananan ramuka ne birjik da yashi da ƙura ke yi wa gilashi tsawon shekaru.

Mai Gilashi:
Na san shi sarai. Da rana tsaka ba ka ganin komai. Sai rana ta yi ƙasa tana fuskantarka, ko da dare fitilar mai zuwa ta haske ka, sai gilashin duk ya yi fari, hasken ya watse ya kashe maka ido. Masu doguwar tafiya a bayan manyan motoci su suka fi samunsa. Mutum ya yi ta wanki yana zaton datti ne. Wannan ba shi da gyara, ramukan sun fi ƙarfin ƙirga, sai canji. Mu "ya ci yashi" muke cewa.

Tsohon Malami:
Zanzana. Sunansa ke nan. Ramukan da agana ke bari a fuska bayan an warke, ƙanana, birjik, ba sa gogewa. Gilashi ya yi zanzana.

Mai Gilashi:
Wallahi Baba, kamar ka leƙa shagona. Haka yake ɗin.

Ɗalibar Hausa:
Kalmar ta yi kyau, amma ni sai a aji na fara jin ta. Tun 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana an kawar da agana daga doron ƙasa. Direba ɗan shekara talatin bai taɓa ganin mai sabuwar zanzana ba.

Tsohon Malami:
Shi ya sa za a ba ta sabon aiki, 'yata, kada ta bi cutar kabari. A faɗe ta sau ɗaya da bayani, sau na biyu ta tsaya da ƙafarta.

Ɗan Jarida:
A nan ina bayan Malam ɗari bisa ɗari. Wannan daga cikin harshen ta fito.

Mai Fassara:
Na karɓi zanzana. Saura "resin", ruwan da ake ɗurawa a cikin harbin. Na sa "gam".

Mai Gilashi:
A'a Hajiya, ki cire gam, ina roƙonki. In aka ji gam a rediyo, gobe mutane za su sayi gam mai kamawa nan take su tsiyaya a wurin. Na sha karɓar irin wannan. Gam ɗin ya toshe bakin ramin, bai shiga ciki ba, iskar tana nan, ni kuma ya hana ni hanyar da zan bi in gyara. Abin da muke amfani da shi daban ne. Ana kafa wata 'yar na'ura a kan wurin, a zuƙe iskar da ke ciki, sannan a tura ruwan da matsi har ya bi kowace ƙafa ta tsagewar. Kana kallo baƙin yana ɓacewa kaɗan kaɗan, don ruwan yana karya haske kusan daidai da yadda gilashi ke yi. Ba ya bushewa da iska, sai an haska masa wata fitila ta musamman da ake kira UV ya daskare. Daga nan a kankare abin da ya yi tudu da reza, a goge. Minti talatin zuwa awa ɗaya an gama. Tabo kaɗan yakan rage, a gaya wa mutane gaskiya, amma tsagewar ba ta ƙara tafiya.

Tsohon Malami:
Ƙaro. Ruwa ne mai danƙo da ke fita daga itace, garai-garai, ya daskare ya yi ƙarfi. Ma'anar kalmar Turancin ta asali ma ke nan.

Ɗan Jarida:
Ma'ana ta yi, amma tsoron da mai gilashi ya faɗa yana nan. Wanda ya ji ƙaro zai iya cewa ai na itace ma ya isa. Ni "rezin" zan rubuta, baƙon abu da baƙon suna, don a san sai an je wurin masu shi.

Ɗalibar Hausa:
Ko "ruwan cike gilashi"? Ba wanda zai ruɗe.

Tsohon Malami:
Wannan bayani ne, ba suna ba. Kalma uku a inda ɗaya ta isa.

Direban Babbar Mota:
Ni tambaya gare ni. Akwai wasu layuka a nawa masu lanƙwasa kamar baka, daidai inda waifa ke bi. Tsagewa ce ita ma?

Mai Gilashi:
Karcewa ce, Alhaji. Robar waifa ta cinye, ko yashi ya maƙale a ƙarƙashinta kana kunna ta a bushe. Ka wanke gilashin, ka bi layin da farce. In farcen bai tsaya ba, mai yiwuwa robar ce ta bar shafi, ko karcewar ba ta yi zurfi ba, ana goge ta da wani garin goge gilashi da ake kira cerium oxide. In ya tsaya, ta yi zurfi, kuma gugar da za ta cire ta za ta sa gilashin ya riƙa karkata maka hanya. Haka ɗigon fari da ruwa ke bari in ya bushe a rana, wannan gishirin ruwa ne a saman gilashi, ba lahani ba ne, ruwan khal na cire shi. Ita kuwa tsagewa, ka bi ta da tsinin biro. In biron ya faɗa ɗan rami a wani wuri, nan dutse ya buga. In babu rami kuma daga gefe ta taso, matsi ne, ko an ɗaura gilashin ba daidai ba, ko zafi da sanyi sun haɗu a kansa. Wadda ta kai gefe ba na gyara ta, don gilashin gaba yana cikin abin da ke tallafe rufin mota in ta kife.

Mai Fassara:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga abin da zan miƙa. Harbin tsakuwa ga ta farko, ɓantarewa kuma sai inda wani yanki ya fita da gaske. Tsagewa ga ta biyu. Karcewa ga aikin waifa. Zanzana da bayaninta a karon farko. Ruwan kuwa na rubuta "rezin, wani irin ƙaro na masana'anta", daga nan in ci gaba da rezin. Takardar daga Ingila take, ta kawo ƙa'idar gwajin motarsu: lahanin da ya wuce milimita 10 a daidai gaban direba, ko milimita 40 a sauran inda waifa ke sharewa, mota na iya faɗuwa gwajin. Zan faɗa a matsayin dokar Ingila, ba ta kowa ba.

Tsohon Malami:
An juya abin. Ƙaro ya kamata ya zama sunan, rezin ya zama bayanin. Ban gamsu ba, amma aikinki ne, kuma lokaci ya ƙure. Garkuwar iska kuwa ban janye ta ba, zan kawo ta a zaure na daban.

Mai Gilashi:
Hajiya, in akwai sauran daƙiƙa goma a shirin, ki ƙara wannan: da zarar tsakuwa ta harbi gilashi, a manna farin salatif a wurin kafin ruwa da ƙura su shiga, kada a wanke motar, kada a sakar masa iskar esi kai tsaye. Rami mai tsabta shi ke cikuwa har a rasa inda yake.

Mai Fassara:
Na sa. Shin salatif ɗin ta waje kaɗai, ko har ta ciki?

Mai Gilashi:
Ta waje kaɗai.