Kalkuleta ta ƙi maimaita ƙari, ina mafita?

Assalamu alaikum malamai. Ina koya wa 'yan aji biyu ƙirga biyar-biyar. A ƙaramar kalkuleta irin ta 'yan kasuwa, in na danna 5 + 5 na riƙa danna =, sai ta ba da 10, 15, 20, yara na rige-rigen faɗin lambar gaba kafin ta fito. To, waɗanda iyaye suka sayo, wasunsu sun tsaya cak a 10. An ce wasu samfuran Casio sai an danna + sau biyu. Na gwada, shiru. Daga samfurin ne, ko akwai maɓallin da ake dannawa? Sannan yaya zan sa yaran su gano da kansu cewa lambobin kullum da 5 ko 0 suke ƙarewa?